Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram: A Yi wa Masu Ciwon Daji Ajo a Ƙofar Fada



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya kamaci talaka ga ubangidansa, da fatan Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da yawan rai, ina neman iso in kawo kuka. Na zaɓi in kawo shi a bainar jama'a maimakon in bi ta hannun fadawa, domin kukan ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ina so waɗanda zan ambata a ciki, attajirai da malamai da masu sana'a, su ji shi lokaci guda da Sarki.

Kukan na masu ciwon daji ne. Roƙon kuma guda ɗaya ne: Sarki ya sa a riƙa yi musu ajo sau ɗaya a shekara a ƙofar fada, inda dukawa da maɗinka da masu zane da makaɗa da ƴan wasan kwaikwayo na ƙasar nan za su kawo aikinsu, a saya, a yi kari, abin da aka tara ya shiga asusun da kowa zai iya ganin cikinsa.

Bari in fara da abin da ya sa kuɗin ya zama dole. A shekarar 2007, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta fitar da dokar da ta ce maganin sankarar mama da ta mahaifa kyauta ne a asibitocin gwamnati. A 2021 kuma aka buɗe sashen gashi, wato ƙona ciwon da hasken inji, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan, wanda likita ya ce sai an yi masa gashi sai ya ƙetare iyaka, in yana da hali. Waɗannan abubuwa biyu alheri ne, ba na raina su. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar: ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3.5. Gashi ba a yinsa rana ɗaya a dawo. Yakan ɗauki makonni, kwana biyar a kowane mako. Allurar da likitoci ke kira shimiyo sau da yawa duk bayan mako uku ake komawa a karɓe ta, zagaye bayan zagaye. Marar lafiya ba ta tafiya ita kaɗai, sai da mai jinya, wato kujera biyu a mota, baki biyu a ciyar, ga wurin kwana a garin da ba ta da kowa. Dokar kyauta ba ta biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haka kuma ba ta shafi magidancin da hantarsa ta kumbura ba, ko tsohon da fitsari ya tsaya masa, ko yaron da ƙari ya fito masa a muƙamuƙi. Ko a inda ta shafa, ma'aikatan lafiya sun daɗe suna kukan jinkirin kuɗin da ya kamata baitulmalin gwamnati ya mayar wa asibitoci, kuma idan magani ya yanke a asibiti, ordonas ake rubuta wa mutum ya je ya nemo da kuɗinsa.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ta ji ƙullutu a mamanta. Ta ɓoye shi har ya fashe. Lokacin da aka kai ta asibiti aka yi mata aiki, likita ya ce sauran magani sai Yamai. Na ga yadda aka haɗa kuɗin tafiyar farko: an sayar da awaki biyu, an kai kwanonin jerenta kasuwa, ƙawayenta na adashe sun yarda ta ɗauki kwasar da ba tata ba. Na raka su tasha da asuba. Tana riƙe da baƙar leda da ta cusa takardun asibiti a ciki, ta ɗaure bakinta da tsumma, tana dafe da ita a cinya kamar za a ƙwace. Ɗiyarta tana ɗauke da tabarma da buta da ƙullin garin kunu. Ta je sau biyu. Zuwa na uku babu sauran abin sayarwa a ɗakin, sai ta ce da masu tambaya ta ji sauƙi. Ba ta ji sauƙi ba, kuma duk unguwa ta san haka. Allah ya jiƙanta. Injin yana can, likitan yana can, sunanta yana cikin littafinsu, abin da ya hana ta komawa kuɗin mota ne da na abinci.

Hukumomin lafiya na duniya suna ƙiyasta cewa mutum kimanin 10,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a Nijar kowace shekara, kuma sankarar mama da ta hanta da ta bakin mahaifa suna sahun gaba. Rabon jiharmu a cikin wannan adadi ba zai zama kaɗan ba.

Abin da muke yi yanzu, ranka ya daɗe, yana ba ni kunya. Idan ciwo ya ci ƙarfin iyali, sai wani yaro ya ɗauko waya ya ɗauki hoton marar lafiya, a yaye zane a nuna gyambon, a sa lambar waya a ƙasa, a watsa a WhatsApp da Facebook. Matar da ta yi shekara talatin maƙwabcinta bai ga gashin kanta ba, yau ƙirjinta yana yawo a wayoyin mutanen da ba ta sani ba. Wani lokaci a samu taimako, wani lokaci a samu addu'a kawai, wani lokaci kuma wani marar tsoron Allah ya cire lambar ya sa tasa. Wanda ciwonsa ya fi ban tsoro a ido shi ke samun kuɗi, alhali wadda ƙullutunta bai fashe ba, wadda ita ce magani zai fi yi wa amfani, ba ta da abin nunawa. Mai kunya kuma, wanda ya gwammace ya mutu da a yi talla da shi, shiru yake yi a ɗaka. Ina roƙon a ba mutane abin kallo wanda ba jikin marar lafiya ba.

Ajo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan mutum ya shiga wani hali, ko zai yi wata hidima da ta fi ƙarfinsa, akan sa rana, a kira makaɗa, a shimfiɗa tabarmi, abokan arziki su zo, maroƙi yana faɗin wane ya ba da kaza. Wanda aka yi wa ajo ba almajiri ba ne, kowa ya san gobe shi zai je na wani. A nan darajar abin take: mai bayarwa ya fita da farin jini, mai karɓa ya fita da mutuncinsa. Abin da nake nema shi ne a ɗauki wannan tsari da muka gada, a yi shi don mutanen da ba za a ambaci sunansu a filin ba.

Kuma garin nan yana da abin sayarwa. Duk wanda ya zauna rumfar baduku ya ga yadda ake tsaga jar fata siriri kamar zare, a saƙa ta cikin kore da baƙi a fuskar jaka ko titimi, ya san aikin kwana da kwanaki ne, ido da haƙuri. Fatar kanta daga hannun majemanmu ta fito. Akwai maɗinka hula da masu aikin babbar riga. Akwai magina da suka iya zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Birni da Zango, wanda baƙi ke tsayawa su ɗauki hotonsa. Zanen nan ana iya sauko da shi kan allo ko ƙyalle, mutum ya rataya a ɗakinsa a Yamai ko Kano. Akwai alarammomi masu zayyana, waɗanda allonsu ɗaya ya isa ya ƙawata zaure. Ta fannin kiɗa, wannan fada ce ta Ma'azu Ɗan Alalo, kuma har gobe akwai masu kakaki da algaita da ganguna a ƙofarta. Ta fannin wasan kwaikwayo, ƙungiyar gidan rediyo ta Damagaram, wadda su Yazi Dogo suka yi fice a cikinta, ta sa ƙasar nan duka ta zauna sauraron Hausa ana dariya ana ɗaukar darasi. André Salifou, ɗan garin nan da jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta wasa sukutum a kan Sarki Tanimun. Ɗiyarmu Aïcha Macky ta yi fim a 2016 a kan rashin haihuwa, abin da mata ke kuka da shi a ɓoye, aka kalla a ƙasashe da dama, sannan a 2021 ta yi wani a kan samarin unguwar Kara-Kara. Ga Wasan Kara, ga hawan ƙaho. Garin da yake da wannan duka bai kamata matansa su rasa kuɗin motar zuwa asibiti ba.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga mu. A Lahore ta Pakistan an buɗe asibitin Shaukat Khanum a 1994. Imran Khan ne ya yi yawon neman kuɗinsa bayan ciwon daji ya kashe mahaifiyarsa, wadda asibitin ke ɗauke da sunanta, kuma shahararren mawaƙin nan Nusrat Fateh Ali Khan ya yi wasanni don tara gudummawa. A Alƙahira akwai asibitin yara masu ciwon daji da ake kira 57357, wanda aka buɗe a 2007. Sunansa lambar asusun banki ce da talakawa da attajirai suka riƙa zuba kuɗi a ciki har ginin ya tashi. Ni ban roƙi a gina asibiti ba. Abin da na ɗauko daga wurinsu shi ne cewa mutane suna bayarwa, har su maimaita, idan sun yarda da hannun da ke karɓa.

Shi ya sa na nufo fada ban nufi wani ofis ba. Gwamna yana zuwa ya tafi, ƙungiyoyin agaji suna zuwa da shirin shekara uku su naɗe tabarmarsu. Fada tana nan tun kafin Faransawa su shigo a 1899, tana nan lokacin da garin nan yake babban birnin Nijar, tana nan bayan an mayar da mulki Yamai a 1926. Sarakunan sana'a a hannun Sarki suke. Idan Sarki ya ce da shugaban dukawa a kawo aiki goma mafi kyau, za a kawo. Idan Sarki ya ɗaga jaka ɗaya a gaban jama'a ya ce ya saye ta jika ɗari, babu attajirin da zai tashi ya taya ta gaba jika biyar. Wannan gasar ta neman suna a gaban Sarki tana nan ko mun so ko ba mu so, muna ganinta a kowane biki da kowane naɗin sarauta. A juya ta ta yi wa marasa lafiya aiki. Lokacin da ya fi dacewa a ganina shi ne kwanakin hawan Sallah, sa'ad da ƴan Damagaram mazauna Yamai da Kano da Agadas suke gida, aljihu da nauyi, zuciya a sake. A aika wa matatar mai ta SORAZ da kamfanonin motocin safara da na waya takardar gayyata mai hatimin fada. Kamfanin motar da ya ba da kujeru kaɗan kyauta kowane mako ga masu takardar asibiti ya yi abin da ya fi kuɗi a ambulan. A Disambar 2018, lokacin bikin Zinder Sabuwa, mun ga yadda garin nan ke iya haɗa kansa ya karɓi ƙasa duka. Abin da nake nema bai kai rabin wannan wahala ba.

Na san za a ce kiɗa da neman lada ba sa haɗuwa. Wasu daga cikin malamanmu ba za su zauna inda ake buga ganga ba, kuma ba na so a yi wannan aiki a bayan idonsu. A raba yinin. Da safe a yi baje kolin aikin hannu da allunan zayyana da ciniki, malamai su buɗe da addu'a, wanda zai tafi ya tafi. Da yamma a yi wasa da kiɗa, cikin kamun kai irin na ƙofar fada. Zakka kuma a ware mata akwatinta dabam da littafinta dabam, malamai su tsaya a kanta, kada ta gauraya da kuɗin tikiti. Fakiri da miskini da wanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzuri ya yanke masa duk suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma mai ciwon daji da ke kwance a Yamai sau da yawa ya haɗa siffofin nan duka a jikinsa. Malamai sun fi ni sanin hukuncin, su za su faɗa.

Wani abu kuma da nake tsoro: kada a ɗora nauyin sadakar a kan mai sana'a. Baduku talaka ne, fatar da ya yi aiki da ita bashi ya ɗauko. Idan aka ce ya kawo kyauta, shekarar farko zai kawo don kunyar Sarki, ta biyu zai kawo abin da ya rasa mai saye, ta uku zai yi tafiya. A biya shi kuɗin kayansa da ladan hannunsa yadda yake sayarwa a rumfa, abin da ya hau a wurin gwanjo shi ne na asusu. Haka makaɗi da yaransa, a sallame su. Wanda ya ga dama ya bar nasa, Allah ya ba shi lada, a kuma faɗi sunansa. Ta haka mai sana'a zai riƙa ɗokin ranar, ya ajiye mata aikinsa mafi kyau, domin ranar ce manyan gari za su ga hannunsa.

Sai maganar amana, wadda in ta lalace komai ya lalace. Mutanenmu sun sha ba da gudummawa ba su sake jin labarinta ba, shi ya sa hannunsu ya yi nauyi. A ƙirga kuɗin a filin, a gaban jama'a, sanƙira ya faɗi jimla kafin a watse. A sa su a banki da sa hannun mutum uku da ba gida ɗaya suka fito ba: wakilin fada, likita, da mace daga ƙungiyoyin mata. Duk wata uku a karanta a rediyo da Hausa da Barbarci abin da ya shiga da abin da ya fita, a liƙa takardar a ƙofar fada, ba tare da sunan marar lafiya ko ɗaya ba. Kada a miƙa wa kowa kuɗi a hannu: a saya masa tikiti, a biya awon da aka rubuta, a biya kantin magani kai tsaye. Wanda zai shiga jerin masu amfana kuma takardar likita ce za ta shigar da shi. Ina faɗin wannan da ladabi, ranka ya daɗe: ranar da aka ji cewa sai mai uwa a gindin murhu ake taimaka wa, ranar asusun ya mutu, kuma sunan fada ne zai ɗauki tabon.

In an tambaye ni inda za a fara kashe kuɗin, zan ce wurare biyu. Na farko awon tsokar da ake yanka a duba, wanda shi ke tabbatar da ko ciwon daji ne ko ba shi ba. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, watanni su wuce, ciwo yana tafiya. Na biyu gida a Yamai. A kama hayar gida ɗaya kusa da cibiyar, mai ɗakuna da ruwa da murhu, a rubuta Gidan Damagaram a ƙofarsa, a ajiye buhun hatsi da dattijuwa mai kula. Marar lafiya ta sauka daga mota ta san inda za ta. Ƴan Damagaram mazauna Yamai, na tabbata, za su riƙa leƙawa da kwanon abinci ranar Juma'a in sun san ƙofar.

Ajon yana da wani amfani bayan kuɗi. Har yanzu ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Saboda wannan magana mata suke shafe watanni suna shafe-shafe da turare, wanzami ya tsaga, a zo asibiti bayan ciwo ya gama jiki, sannan idan aka rasa ta a ce ai ga shi, ƙarfe ya taɓa. Likita ya yi bayani sau ɗari ba a ji ba. Ɗan wasa ya fito da rawani da ƙoƙon magani ya kwaikwayi abin, mata su yi dariya su koma gida suna taɓa jikinsu. Sankarar bakin mahaifa ana iya gano farkonta da awo mai sauƙi da ungozoma ke yi da ruwan kal, kuma tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kawar da ita cikin manufofinta. Sankarar hanta tana da alaƙa da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da rigakafi, da kuma gubar da ke fitowa a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi suka yi funfuna. Mu da muke noman gyaɗa daga Matamaye zuwa Magarya, wannan magana tamu ce. A kafa rumfar awo a gefen filin ranar ajo, ɗaliban likitanci na jami'armu su taimaka, sarakunan aska su zauna a sahun gaba su ji da kunnensu, domin su ne mutane ke fara kai wa ƙullutu.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa ajo zai ɗauke wa gwamnati nauyinta. Ba zai iya ba. Kuɗin yini ɗaya ba ya sayen injin gashi, ba ya horar da likita. Haƙƙin jihar da ta fi kowace yawan jama'a ne a kawo mata maganin kusa, kuma Sarki yana da bakin da zai faɗi haka a inda ake ji. Littafin asusun ma zai zama hujja a hannunsa: ga yawan waɗanda muka tura Yamai bana, ga garuruwansu, ga abin da hanya ta ci. Amma kafin wannan rana ta zo akwai waɗanda likita ya rubuta musu ranar komawa a wata mai kamawa, kuma ba su da kuɗin mota.

Abin da nake roƙo a yi yanzu kaɗan ne. Sarki ya kira zama ɗaya a zaure: shugabannin dukawa da maɗinka da makaɗa, limamai biyu ko uku, likitocin babban asibitin Damagaram da na cibiyar uwa da yaro, shugabannin ƴan kasuwa, da matan da ke riƙe da adashe a unguwanni, domin sun fi kowa sanin gidan da ake jinya a ɓoye. A tambaye su ko abin zai yiwu, a sa rana kafin Sallah mai zuwa. In an buƙaci masu ɗaukar kujeru da masu rubuta rasit, akwai mu da yawa a Birni da za mu zo.

In na yi kuskuren lafazi a gaban Sarki, ina neman afuwa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Talakanka,
daga unguwar Birni, Damagaram.